Layin Toka a Bukuru

Ni ne mai zuba layin toka a filin Bukuru,
bayan tsohon ramin kuza da ya koma tafki.
Tun asuba nake bin masu tuyar masa,
in kwashe murhunsu a buhun siminti,
yatsu a ƙage, numfashi kamar hayaƙi yake fitowa.

A garinmu sanyi ne ɗan gida, rana baƙuwa.
Takan leƙo da hantsi ta gaishe mu a tsaye,
kafin ka ce mata ga tabarma
gajimare ya gangaro daga kan duwatsu
ya ja ta, ba ta ko yi sallama da kowa.

In ja layina sambal da ƙarfe goma,
ruwan la'asar ya zo ya lashe.
Shekara goma sha tara muna haka da sama,
ni ina rubutawa, ita tana gogewa.

Kafin in gama kusurwar farko
masu gudun hanyar Vom sun wuce sau biyu,
safar ƙafa a hannuwansu saboda ɗari.
Kachollom ce gaba, kullum ita ce gaba.
Ta ce mini iskar tudu siririya ce, Baba,
wanda ya saba da ita in ya sauka Lafiya
sai ya ji an ƙara wa ƙirjinsa ɗaki guda.
Ban gane ba, amma na ga yadda take wucewa.

Ranar wasan ƙarshe, 'yan Gyel da 'yan Kasuwa,
kyautar kofi ɗaya da akuya ɗaure a gindin turke.
Ɗaya da ɗaya, saura minti huɗu,
aka kwashe ƙafar Barau makanike a gaban raga.
Ya dasa ƙwallo kan ɗigon da na zuba da hannuna,
Davou gola ya tofa yawu a tafinsa,
Malam Ɗantala ya kai usur baki,
sai kwanon makaranta ya riga shi busawa.

Ƙanƙara ce, wata kamar gurjiya, wata ƙwan zabo.
Ja da kore suka cure a baranda ɗaya,
wanda ya yi maka ƙeta ɗazu, yanzu kafaɗarsa ce bargonka.
Yara na tara ta a hula suna tsotsa,
akuya na ihu, ana ta dariya.
Davou kaɗai bai yi ba.
Idonsa na gabas, can bayan shingen ƙyarana,
inda dankalinsa ya yi fure shekaranjiya,
ga bashin taki buhu uku yana jiran girbewa.

Washegari na bi ta gonar da buhuna.
Ganye a tsattsage kamar an bi shi da reza,
amma ga mutum goma sha ɗaya duƙe cikin kunya,
Barau a gaba, man inji har gwiwar hannu,
bai iya riƙon fartanya ba, yana dai ta sara.
Ba wanda ya ta da zancen jiya.
Akuyar ma an kai ta kara, an sayo iri,
kofin yana wajen mai shayi, cokula ake zubawa.

Har yau ba a buga wannan bugun ba.
Barau ya rantse kusurwar hagu ya nufa,
Davou ya ce ai can ɗin nake jiranka,
su raba burodi ɗaya suna musu har shayi ya huce.
Ni kuwa duk Asabar in na zo kan ɗigon nan
sai in ƙara masa toka fiye da ƙa'ida,
ko wata rana su ce yau za a biya bashin.
Ga shi gabas ta fara haɗe rai tun yanzu,
bari in ɗaure bakin buhu kafin ta soma saukowa.